ƘAURA ZUWA WATA ƘASA: GUZURIN DA YA KAMATA MACE MUSULMA TA RIƘA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya yalwata ta ga bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya bar garin haihuwarsa saboda Allah, da alayensa da sahabbansa, Muhajirai da Ansaru, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Nasiharmu ta wannan fitowa a kan barin gida ce zuwa wata ƙasa. A da, idan aka ce wance ta bar ƙasa, to aikin Hajji ta tafi, ko kuwa aure ya kai ta Ƙonni ko Maradi. Yanzu kuwa al'amarin ya sake. A nan gabashin Sakkwato, daga Shinaka da sauran ƙasar Goronyo, zuwa Wurno da Rabah, har Isa da Sabon Birni, da wuya ki shiga unguwa ba ki iske gidan da wani nasu ya ƙetare iyaka ba. Ba mu manta harin Tabanni na ƙasar Rabah a watan Yuli 2018 ba, wanda ya tara jama'a a Gandi suna gudun hijira, haka nan harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 inda aka kashe mutum fiye da 40. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa zuwa watan Satumba 2019, mutum fiye da 40,000 daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka zuwa jihar Maradi ta Nijar, kuma a watan Afrilu 2020 kaɗai wasu 23,000 suka bi bayansu. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara. Ban da waɗannan, ga masu bin mazajensu wurin neman abinci, ga kuma masu tafiya aikatau Saudiyya, ko Libiya, ko Aljeriya.

Tun da abin ya iso ƙofar ɗakinmu, wajibi ne mu san hukuncinsa. Abin da nake son mu riƙe shi ne: Musulunci bai hana barin ƙasa ba, wani lokaci ma wajabta shi ya yi. Amma ƙetare iyaka kaɗai ba ya mayar da tafiya hijira. Niyyar da mace ta fita da ita, da hanyar da ta bi, da addinin da ta iya tsarewa bayan ta sauka, su ne ke nuna ko riba ta ci ko hasara ta yi.

HIJIRA BA BAƘUWARMU BA CE

Hijirar farko a Musulunci nahiyarmu ta Afirka aka yo ta. A shekara ta 5 da aiko Manzon Allah (SAW), da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, sai ya umurci sahabbansa su tafi Habasha, domin akwai sarki a can wanda ba a zaluntar kowa a gabansa. A ayarin farko akwai ɗiyarsa Nana Ruƙayya (RA) tare da mijinta Sayyidina Usmanu (RA), akwai kuma Ummu Salama (RA) da mijinta Abu Salama (RA). Daga baya Nana Asma'u bintu Umais (RA) ta bi tare da mijinta Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA). Ta zauna can fiye da shekara 10, can ta haifi 'ya'yanta, ba ta iso Madina ba sai shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin yaƙin Haibara. Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya taɓa nuna mata cewa su sun riga su yin hijira. Ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), shi kuwa ya yi mata albishir cewa su mutanen jirgin ruwa hijira biyu gare su. Ki duba, 'yar uwa, shekarun da wannan baiwar Allah ta yi cikin baƙunci tana goyo da girki ba su tafi a banza ba.

A ƙasarmu ma haka abin yake. A watan Fabrairu 1804 Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fita daga Degel zuwa Gudu shi da jama'arsa, saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa. A cikin ayarin akwai ɗiyarsa Nana Asma'u, tana yarinya 'yar kimanin shekara 11. Ta ga yunwa, ta ga yaƙi, ta yi ta tashi daga wannan zango zuwa wancan, amma ba a ajiye allonta ba. Ita ce daga baya ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata 'yan uwansu.

Bayan shekara 99, a watan Maris 1903, Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da dubban jama'a, maza da mata, har ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka sauka a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka kafa har yau Mai Wurno ake ce masa. Jikokinsu na nan da Hausarsu da Fulatancinsu da makarantunsu na allo. Amma kada mu ɗauki ɓangare guda na labarin mu bar guda. Sun daɗe suna fama kafin a yarda da su a matsayin 'yan ƙasa, kuma a 2022 an yi rikici a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a kan filaye da sarauta, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Bayan fiye da shekara 100 ana nan ana ce musu baƙi. Wannan ya isa ya nuna mana cewa barin gida ba wasa ba ne, kuma matakin da kika ɗauka yau, jikokinki ma sai sun ɗanɗana shi.

MECE CE NIYYARKI?

Hadisin farko a littafin Buhari, wanda duk ɗalibar Islamiyya ta haddace, shi ne hadisin niyya. Abin lura, da Manzon Allah (SAW) zai ba da misali a cikinsa, da hijira ya ba da: wani ya yi ta domin Allah da ManzonSa, wani kuwa domin abin duniya ko matar da zai aura, kowa kuma abin da ya nufa shi zai samu. Idan muka auna tafiye-tafiyen yau da wannan ma'auni, za mu iske sun kasu kashi uku.

Na farko, tafiyar tilas. Wannan ita ce ta wadda ake kai wa garinsu hari, ana sace mata, ana sa wa manoma haraji, ba ta da amincin rai ko na mutunci. Irin wannan fita ba tsoro ba ne, ba kuma raunin tawakkali ba ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 97 zuwa ta 100, Allah Ya zargi waɗanda suka zauna cikin ƙasƙanci alhali suna da ikon fita, Ya tunatar da su yalwar ƙasarSa, Ya yi uzuri ga raunana maza da mata da yara waɗanda ba su da dabara, sa'an nan Ya yi alkawarin lada ga wanda mutuwa ta riske shi a hanya. Don haka kada wata ta goranta wa 'yar gudun hijira, kada kuma a zargi tsohuwar da ta kasa tashi. A irin wannan hali malamai sun yarda mace ta fita ko babu muharrami. Ummu Kulsum bintu Uƙba (RA) ta bar Makka zuwa Madina ba tare da kowa nata ba bayan sulhun Hudaibiyya, da 'yan uwanta suka biyo ta ba a mayar da ita ba, a kan irin wannan ne aya ta 10 ta Suratul Mumtahana ta sauka.

Na biyu, tafiyar neman halal: bin miji inda ya sami aiki ko kasuwa, neman ilimi, neman magani. Wannan halal ce, kuma in aka gyara niyya sai ta zama ibada. Amma ita ba ta da rangwamen da ta farko ke da shi, sai an cika sharuɗɗa.

Na uku, tafiyar ruɗi. “Ai wance ta tafi shekara biyu, ga shi ta gina gida, ta sai wa uwarta kujerar Makka.” Da wannan magana dillalan tafiya ke cin kasuwarsu a gidajen suna da na biki. Sai ki ga matar aure ta sayar da gadonta, ko ta ci bashin da za ta yi shekaru tana biya, ta tada fitina har a sake ta don ta samu ta tafi. Ta shiga da bizar Umra da nufin maƙalewa, ba ta da igama, kullum tana ɓuya. Wata ana isa za a karɓe fasfonta, a kai ta gidan da ba ta san harshensu ba, ba ranar hutu, ba wanda za ta kai wa kuka. Su kuwa masu bin sahara, mu tuna watan Oktoba 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga Kance ta jihar Damagaram. Hausawa ne irinmu, uwaye ne masu goyo irinmu. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Tafiyar da aka fara ta da ƙarya, aka bi da ita ta hanyar halaka, aka bar ƙananan yara ba mai kula, kada a yi mata suna hijira. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

KAFIN A ƊAURE KAYA

Idan ba gudun tsira da rai ba ne, wanda ba ya ba da lokacin shiri, to ga abubuwa biyar da ya kamata a gama da su tun ana gida.

1. Istihara da shawara. Ki yi raka'a biyu ki nemi zaɓin Allah, sa'an nan ki tambayi wanda ya zauna can kuma ba ya da wata riba a tafiyarki. Dillali ba abokin shawara ba ne, don shi kansa yake yi wa aiki.

2. Ki san haƙƙinki a kan maigida. Biyayya ga miji wajibi ce, kuma asali mace tana inda mijinta yake. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun sa sharuɗɗa kafin miji ya tafi da matarsa wani gari: ya kasance amintacce a kanta, hanya ta kasance da aminci, garin ya kasance inda ake gudanar da hukunci har in an zalunce ta ta sami mai ƙwatar mata haƙƙi, kuma labarinta ba zai yanke daga danginta ba. Don haka ba rashin kunya ba ne ki ce, “Malam, ina za mu sauka? Da me za mu ci? Akwai makarantar yara?” Ki tambaya da ladabi da taushin murya, amma ki tambaya.

3. Takardu. Da yawa daga cikinmu muna ganin Nijar gida ce, kuma gaskiya ne, domin Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri tushensu ɗaya, Turawa ne suka ja layi tsakaninsu. Amma hukuma takarda ta sani. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025. Saboda haka kada a dogara da yadda aka saba shiga a da, a tambayi hukuma. Ki haɗa katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwar kowane yaro, da katin rigakafinsa, da shaidar aure in akwai, da sakamakon makaranta, ki naɗe su a leda wuri guda inda hannu zai kai ko cikin dare. Fasfonki kuwa amanarki ne, kada ki miƙa shi ga wani ya riƙe miki. Wadda ta ji alamar ana son yin fataucinta, akwai hukumar NAPTIP da gwamnati ta kafa tun 2003 domin wannan matsala.

4. Bashi da amana. Lokacin da Manzon Allah (SAW) zai bar Makka, ya bar Sayyidina Aliyu (RA) a baya domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali mutanen garin ne ke neman ransa. To ina ga kuɗin adashi, da bashin mai koko, da tukunyar maƙwabciya? Ki biya, ko ki nemi yafiya, ko ki bar wakili.

5. Yardar iyaye da sallama da dangi. Albarkar uwa guzuri ce da ba ta da nauyi a ka, ba kuma mai ƙwace ta a shinge.

BAYAN AN SAUKA

A nan ne aikin mace yake. Maigida zai fita tun safe neman abin sawa a baki, ke za a bari da ɗaki da yara. Idan salla da karatu suka tsaya a sabon gida, ke kika tsayar da su, in kuma suka faɗi, a hannunki suka faɗi.

Salla tukuna. Ranar da kika sauka ki tambayi alƙibla, domin ba ko'ina ba ne take gabas yadda muka saba. Mai zaune a Madina kudu take fuskanta, ta Libiya kudu maso gabas, ta Hartum arewa maso gabas. A kan hanya kina da rangwamen ƙasaru in tafiyar ta kai kimanin kilomita 80, ki yi Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Amma a mazhabarmu, da zarar kin yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri, to ƙasaru ta ƙare, sai cikawa. Akwai matan da suka yi watanni a masauki suna ƙasaru wai don suna ganin su baƙi ne, wannan a gyara. Haka nan azumi da salla, ki bi ganin watan ƙasar da kike ciki. In a Maradi kike, kika ji a rediyo Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata a Najeriya, hukumar can kuwa ba ta sanar ba, ki zauna tare da jama'ar da kike cikinsu, kada ki raba kan gida.

Sai karatun yara. A Islamiyyunmu na nan mun ga yadda suna ke ɓacewa daga rajista: yarinya ta kai izu 10, a wayi gari an ce sun tashi. Wasu in sun dawo bayan shekara biyu ko uku, sai an koma da su baya, domin tun da suka tafi ba wanda ya buɗe musu Alƙur'ani. Allah Ya umurce mu a aya ta 6 ta Suratut Tahrim da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, kuma wannan umurni bai tsaya a bakin iyaka ba. In akwai makaranta, ki kai su tun makon farko. In babu, ke ce makarantar. Ko Fatiha zuwa Lam Yakun kika iya, da Ahalari, ki shimfiɗa tabarma bayan La'asar, ki tara naki da na maƙwabta. Jajojin Nana Asma'u ba su jira an gina musu aji ba. Ita ma boko kada a raina ta don an ce lakwal ce, da wani tsari daban da namu. Yaron da ya iya karatun ƙasar da yake zaune ba a cutarsa a kasuwa ko a ofis.

Na uku, neman na kai. Da aka haɗa Abdurrahman ɗan Aufu (RA) da ɗan uwansa Ba'ansare Sa'adu ɗan Rabi'u (RA), ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Karɓar tallafi ga wadda ta rasa komai ba laifi ba ne, haƙƙinta ne. A garuruwa irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka tsugunar da mutanenmu nesa da iyaka, tallafi ya ceci rayuka da yawa. Amma tallafi yana yankewa. Ƙuli-ƙuli, da daddawa, da saƙa, da kitso, da ɗinkin hula, duk sana'o'i ne da ke bin mace duk inda ta je. Ki koyi lissafin kuɗinsu tun da wuri, domin a Nijar da dala ake ƙirga, sefa 5 ita ce dala ɗaya, in an ce miki dala ashirin to sefa 100 ake nufi. Abin da nake roƙonki da girman Allah, kada ki ɗora wa yaro kwanon bara, kada kuma ki aurar da ƙaramar ɗiyarki ga wanda ba ki san asalinsa ba don kawai a rage bakin ci.

Na huɗu, girmama masu gari da dokarsu. Ummu Salama (RA), wadda ta ba da labarin zaman Habasha, ta faɗi yadda suka zauna lafiya a ƙarƙashin Najjashi, da kuma yadda suka yi ta roƙon Allah Ya ba shi nasara lokacin da wani ya tayar masa da tawaye. Ja'afar (RA) bai ɓoye aƙidarsa a fada ba, ya karanta Suratu Maryam har sarki ya yi kuka, amma bai zagi kowa ba. Wannan shi ne ma'auni. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Wannan a kan abinci ne, da gaisuwa, da layin famfo, da dokar hukuma, domin izinin shiga ƙasa alkawari ne, Allah kuwa Ya buɗe Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawari. Amma ban da salla, ban da hijabi, ban da halal da haram. A nan ba a ɗaura jelar kowa.

Na biyar, kewar gida. Za ki ji ta, kuma ba zunubi ba ne. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa da suka iso Madina zazzaɓi ya kama mahaifinta da Bilal (RA), Bilal ya riƙa ambaton kwaruruka da duwatsun Makka saboda bege. Manzon Allah (SAW) bai tsawata masa ba, sai ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ke ma in kin tuna fadamar Rima, da albasa da tafarnuwar rani, da kabarin mahaifanki, ki yi kukanki ki share hawaye, sa'an nan ki yi irin wannan addu'a. Ki nemi mata masu tsoron Allah ki shiga cikinsu, domin kaɗaici ƙofa ce ta Shaiɗan. Ummu Habiba (RA) ta rasa mijinta a Habasha, ta zauna da 'yar ɗiyarta a baƙuwar ƙasa, mahaifinta Abu Sufyan a lokacin yana jagorantar masu yaƙar Musulunci, amma ta riƙe addininta. Sakamakonta shi ne Allah Ya mayar da ita Uwar Muminai tun tana can.

MU DA MUKA RAGE A GIDA

Akwai 'yan uwanmu da ba su je ko'ina ba, mazajensu ne suka tafi. Wata shekara uku ba aike ba waya, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. Ki sani shari'a ba ta bar ki a rataye ba. A Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace za ta kai magana gaban alƙali, a bincika, in ba a sami labarinsa ba a yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Wannan in ya bar abin da ake ciyar da ita ne. In bai bari ba, tana da ikon neman alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa. Wanda ya ɓace cikin rikici kuwa hukuncinsa daban ne, alƙali ke tantancewa. Abin da bai halatta ba shi ne mace ta yanke wa kanta hukunci a ɗaka, ko dangi su ɗaura mata wani aure a kan aure.

Sa'an nan mu tuna mu ma masu masauki ne. Waɗanda suka taso daga ƙauyuka suka sauka a Goronyo ko Wurno ko Gandi, ko nan Shinaka, ba su ƙetare iyaka ba, amma zafin barin gida ɗaya ne. Allah Ya yabi Ansaru a aya ta 9 ta Suratul Hashri da cewa suna son wanda ya yi hijira zuwa gare su, suna fifita shi a kan kansu ko da su ma suna cikin buƙata. Mutanen ƙauyukan Gidan Rumji sun buɗe wa namu gidajensu da rumbunansu tun kafin wata hukuma ta iso. Abin kunya ne a ce mu a nan muna tsauwala musu kuɗin haya, ko muna ɗaukar ɗiyansu aiki a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ko muna hana 'ya'yanmu wasa da nasu. Ina kira ga rassan ƙungiyarmu, kowane reshe ya san matan da suka sauka a unguwarsa, a sa su cikin ajin matan aure, a yafe wa 'ya'yansu kuɗin Laraba, a kai musu ziyara ranar haihuwa da ranar rashi. Wadda ke masauki yau ba ta san inda za ta kwana baɗi ba.

KAMMALAWA

Ya 'yar uwa, ko kin tafi ko kin zauna, akwai hijirar da ke kan kowa. Manzon Allah (SAW) ya bayyana, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa mai hijira na haƙiƙa shi ne wanda ya ƙaurace wa abin da Allah Ya hana. Wadda ta isa har Makka ta ci gaba da ƙarya da wasa da salla, jikinta kawai ya yi tafiya. Wadda kuwa ke cikin bukkar leda a bakin iyaka tana tsare da sallarta, tana biya wa 'ya'yanta karatu, tana cin guminta, muna kyautata zaton tana cikin ayarin Ruƙayya da Asma'u.

Ya Allah Ka dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Ya Allah waɗanda suka fita Ka tsare musu imaninsu da mutuncinsu da zuriyarsu, Ka mayar da su gida cikin aminci, ko Ka albarkaci inda suka sauka. Waɗanda ke hannun azzalumai Ka kuɓutar da su, waɗanda suka rasu a hanya Ka karɓi shahadarsu. Ka saka wa masu masauki da mafificin alheri, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.